Takardun Malaman Jami'a: Ina Suke Tafiya Bayan Mai Su Ya Rasu?

Wannan shi ne cikakken jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a wajen wani zaman tattaunawa na ɗalibai. Mun kawo shi kamar yadda ya zo. A sha karatu lafiya.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata, abin da aka umurce ni in yi magana a kansa yau abu ne da mai yiwuwa wani zai ji ya ce, to mu me ya shafe mu? Maganar takardun malaman jami'a ce. Ba ina nufin littattafan da suka wallafa ba, waɗanda ake sayarwa a kanti ko ake jerawa a laburare. Ina nufin abin da ya rage a ofishin malami da ɗakin karatunsa ranar da ya bar duniya: wasiƙun da aka aiko masa da kwafin waɗanda ya aika, littattafan rubutun da yake yawo da su a jaka in ya fita bincike, kaset-kaset ɗin hirar da ya ɗauka, daftarin littafin da bai gama ba, takardun darasin da ya koyar shekara da shekaru, har da 'yan guntayen takardun da ya cusa a tsakiyar littafi. Ina waɗannan kaya suke tafiya? Kuma in sun salwanta, wa aka yi wa asara?

Bari in fara da tambaya ta biyun, domin in ba mu san darajar abu ba, ba za mu damu da inda ya tafi ba.

Mu ɗauki malamin tarihi. Yadda yake aiki shi ne ya rataya jakarsa ya shiga gari-gari, ya nemi dattijon da aka ce ya san labari, ya zauna a zaurensa awa biyu ko uku yana tambaya yana rubutawa. Gobe ya koma. Jibi ya wuce ƙauye na gaba. In ya dawo jami'a ya zauna rubuta kundinsa, daga wannan hira ta awa uku wataƙila jimla biyu kacal zai ɗauka, saboda su ne suka shafi abin da yake nema a lokacin. To sauran fa? Sauran suna nan kwance cikin littafin rubutu. Sunayen unguwannin da suka mutu, hanyar da fatake suke bi, shekarar da aka yi yunwa da sunan da mutane suka sa mata, malamin da ya fara buɗe makaranta a garin da wurin wanda ya yi karatu, duk suna ciki. Littafin da aka buga tamkar tuwon da aka kawo maka a akushi ne. Littafin rubutun kuwa shi ne rumbun da aka ɗebo hatsin.

Ga misali. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, wanda ya rasu a 2005, ya yi irin wannan yawo a ƙasar Katsina da kewayenta a farkon shekarun 1970. Ya kammala kundinsa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974, aka buga shi littafi a 1981. Yanzu ku yi lissafi tare da ni. Dattijon da yake da shekara 80 a 1971, an haife shi ke nan a 1891. Wato yana ɗan shekara 12 lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ya ga abin da idonsa, kuma ya ji labarin abin da ya gabaci wannan daga bakin iyayensa da kakanninsa. Yau ko nawa gare ka, ko wace na'ura ka mallaka, ba za ka sami irin wannan dattijo ka yi hira da shi ba. Sun tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage na muryarsu shi ne abin da malamai irin su Bala Usman da tsararrakinsa suka rubuta a littattafan aljihunsu ko suka ɗauka a kaset. Ka ga ke nan ranar da gara ta ci irin wannan littafi, ba malamin kaɗai ta ci ba, ta haɗa da dattawa hamsin ko ɗari da suka ba shi amanar abin da suka sani.

'Yan'uwa mata, ga naku misalin. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith, matar wani manazarci ɗan ƙasar Jamaika, M.G. Smith, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga yarinta: aure, kishiya, goyo, ƙawance, bori, harin masu kamun bayi, zuwan Turawa. Baturiyar tana ji tana rubutawa da hannu. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954. Har yau duk wanda zai yi magana a kan rayuwar matan Hausawa kafin zuwan Turawa sai ya koma ga wannan tsohuwa. Da takardun da aka rubuta maganarta sun jiƙe a hanya, shi ke nan, da babu wanda ya san an taɓa yin Baba.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar wani tsohon malamin zaure ya san ba matani kaɗai ke ciki ba. Akwai hashiya a gefen shafi, akwai ijaza, akwai inda malam ya rubuta ranar da aka yi masa haihuwa, ko ranar da malaminsa ya rasu, ko bashin da ake binsa. Malamin jami'a ma haka yake, sai dai shi nasa a fayil da kwali suke.

Yanzu zan ɗan tsaya a kan mutum guda, domin labarinsa ya ƙunshi kusan duk abin da nake son faɗa. Shi ne Farfesa Abdullahi Smith.

An haife shi a Ingila a 1920, sunansa na farko H.F.C. Smith. Ya yi koyarwa a Sudan, sannan ya zo Ibadan a 1955. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, shi ya kafa Sashen Tarihi. Daga baya ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi, ya zauna a ƙasar nan har rasuwarsa a 1984. Allah Ya ji ƙansa. A 1961 ya buga wata maƙala da ta ja hankalin masana cewa an yi watsi da jihadodin ƙarni na 19 a tarihin Afirka ta Yamma, alhali kuwa shugabanninsu sun bar rubuce-rubuce jibgi da Larabci waɗanda masu rubuta tarihi da Turanci ba sa karantawa. A 1970 ya sake buga wata, inda ya nuna cewa labarin Bayajidda shi kaɗai bai isa ya bayyana yadda aka kafa daulolin ƙasar Hausa ba, sai an duba yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni. Kuma a wannan shekara ta 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan da Sardauna ya zauna a kan titin Rabah, shi ne darektansa na farko, don ya zama ma'ajiyar takardu da wurin bincike. Kafin wannan, a shekarun 1960, ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa wanda ya riƙa bin gidajen malamai ana aron littattafan hannu ana ɗaukar hotonsu ana mayar wa masu su.

To abin mamaki a nan, 'yan'uwa, wannan mutum da ya yi wa takardun wasu irin wannan hidima, nasa rubuce-rubucen a warwatse ya bar su. Wasu a mujallu, wasu takardun taron ƙara wa juna sani ne da aka buga da tafireta aka raba wa 'yan mutanen da suka halarta. Sai bayan rasuwarsa ɗalibansa suka tashi tsaye, suka kafa cibiyar bincike da sunansa a Zariya, suka tattara wasu daga ciki suka buga a 1987 da sunan A Little New Light. Da bai bar ɗaliban da suka san darajar abin ba, da yau sai dai a riƙa cewa wai Abdullahi Smith ya taɓa cewa kaza, ba tare da an san inda ya faɗa ba.

Kuma babban aikin irin wannan malami ma ba a maƙala yake ba. A jikin ɗalibai yake. Ɗaya daga cikinsu shi ne Murray Last, wanda ya zauna a Sakkwato yana karatu a gaban Wazirin Sakkwato Junaidu, ya gama kundinsa a Ibadan a 1964, aka buga shi a 1967. Kafin wannan littafi, abin da Turawa suka fi kiran daular da Shehu Usmanu ya kafa shi ne daular Fulani. Wannan littafi ne ya yaɗa kiranta halifancin Sakkwato, sunan da yanzu kowane ɗan sakandare ya sani. Ku duba, sauya suna guda ya sauya yadda ake kallon tarihin shekara ɗari, daga mulkin wata ƙabila zuwa tsarin da aka gina a kan aƙida da shari'a. Irin wannan shawara ba ta faɗowa daga sama. Malami da ɗalibi ne suke ja-in-ja a kanta, wannan ya rubuto, wancan ya ja layi da jan biro ya ce sake dubawa. A wasiƙa da gefen daftari ake ganin yadda tunani ya nuna, littafin da aka buga sakamakon kawai yake nunawa. Mu da muka yi Islamiyya mun san darajar isnadi, wato wa ya karɓa daga wa. To isnadin ilmin jami'a, a cikin waɗannan takardu yake.

Wani zai ce ai duk abin da yake da muhimmanci malam ya riga ya buga shi yana raye. Wallahi ba haka ba ne.

Marigayi Dakta Mahmud Modibbo Tukur, malamin tarihi a Zariya, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ya gama kundinsa a 1979. Abin da ya yi a ciki shi ne ya bi rahotannin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta da hannunsu daga 1897 zuwa 1914, ya tona abin da ke ƙarƙashin kalmominsu, ya nuna yadda aka ci ƙasar nan da bindiga da ƙone-ƙone da haraji, saɓanin labarin da suke bayarwa cewa zaman lafiya suka kawo. Ya rasu a 1988 ba a buga aikin ba. Shekara da shekaru ɗalibai suna karanta shi a kwafin da aka yi ta ɗauka daga wani kwafin har rubutun ya dusashe. Sai a 2016 wani kamfanin ɗab'i mai suna Amalion da ke Dakar ya buga shi. Shekara 37 bayan kammala shi, shekara 28 bayan rasuwar mai shi. A tsakanin nan gobara guda ko yoyon rufi guda a wurin da bai dace ba zai iya rage abin da ya iso gare mu.

Haka shi ma M.G. Smith ɗin da na ambata ɗazu. Ya yi bincike a kan sarautar Kano a ƙarshen shekarun 1950, ya rasu a 1993, littafin bai fito ba sai 1997. Akwai kuma F.W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan. Duk ɗalibin Hausa a jami'a ya san rabe-raben aikatau gida bakwai da ya fito da su a 1960. Tarin rubuce-rubucensa kan nahawun Hausa sai da Graham Furniss ya zauna ya tattara su ya tsara, aka fitar a 1981. Duk waɗannan, abin da ya cece su shi ne an sami wanda ya ajiye takarda, kuma an sami wanda ya san tana nan.

To yanzu mu dawo tambayar farko. A wurinmu, ina takardun suke tafiya?

Kowa a nan ya san yadda abin yake. Malami ya rasu. An yi jana'iza, an yi zaman makoki, manyan mutane sun zo sun ce an yi babban rashi, an ce giɓin da ya bari ba zai cike ba. Bayan 'yan watanni ana bukatar ofishin don a ba wani, in kuma gidan jami'a yake zaune, iyali za su tashi. Sai a nemo kwalaye da buhuna a ɗure komai a ciki, na sama ya koma ƙasa, fayil ya rabu da ɗan'uwansa. A kai gidan iyali a jibge a sito ko gareji, a kan daɓe, jikin bango. Damina ta zo, laima ta taso. Gara ta yi hanyarta ta ƙarƙashin kwali ba wanda ya gani, ɓera ya yi sheƙa, kyankyaso ya yi ƙwai. Bayan shekara biyar a zo gyaran ɗaki, a ɗaga kwali gindinsa ya zube, sai a ce a fitar da wannan shara. Wanda bai lalace ba kuma, akwai masu saye a kilo. Wanene a cikinmu bai taɓa sayen ƙosai ko tsire an ƙunsa masa a takardar da ya duba ya ga rubutun ilmi ne ba? Ka taɓa tambayar kanka daga gidan wa ta fito?

Ba ina zargin iyalai ba ne. Matar da aka bar wa marayu shida, tunanin abinci da kuɗin makaranta ya ishe ta. Ba ta san wannan littafin rubutu mai datti ya fi motar da aka bari daraja ba, kuma ba wanda ya zo ya gaya mata. Waɗanda ya kamata su zo su ne abokan aikin mamacin da ɗalibansa, su kuwa sau da yawa iyakarsu ta'aziyya.

Sai maganar gado. Littattafai da takardu dukiya ne, suna cikin abin da mamaci ya bari, magada suna da haƙƙi a kansu, wannan babu ja. Amma akwai dukiyar da in an raba ta ta mutu. In ka raba riga gida biyar, ba wanda ya sami riga. Littafin rubutu na 1 ya tafi Kano wurin babban ɗa, na 2 ya bi 'ya zuwa gidan mijinta a Jos, kaset ɗin da ke tafiya da su ya zauna wurin ƙanin mamaci. Kowa ya sami rabonsa, ilmin kuwa ya watse. Tsofaffin littattafan hannu na malaman zaure sun sha wannan, tun da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, sai ka tarar da farkon littafi a wani gida, ƙarshensa a wani. Alhali shari'a ta buɗe ƙofa. Mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba, kuma yana iya yin waƙafi tun yana raye. Su ma magada, in baligai ne masu hankali, suna iya yarda a bar kayan wuri guda, ko a ƙiyasta kuɗinsu ɗaya ya ɗauka ya biya sauran. Cikakken hukunci na malamai ne, ga su nan zaune, sun fi ni sani. Abin da nake roƙo shi ne masu rabon gado su riƙa tambayar takardu kamar yadda suke tambayar fili da gida.

Akwai wata hanyar da takardu suke bi, ita ce ta ƙetare. Wannan ta daɗe. Lokacin da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903, sun tarar da wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari, suka kwashe. Wani jami'insu, H.F. Backwell, ya fitar da fassararsu da Turanci a 1927. Wannan kwasa ce ta mai ƙarfi. Amma akwai wadda aka yi da ciniki. Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa a Kano, ya rasu a 1962 ya bar tarin littattafai da takardu sama da 3,000. Ta hannun wani malamin jami'a Ba'amurke, John Paden, wanda ya yi bincike a Kano, wannan tari ya koma Jami'ar Northwestern da ke kusa da birnin Shikago a Amurka, yana can a ɗakin karatunsu na nazarin Afirka.

In mutum ya ji wannan sai ransa ya ɓaci, kuma yana da hujja. Ɗalibin da ke Kano, wanda kakansa wataƙila maƙwabcin Malam Umaru ne, sai ya nemi biza da kuɗin jirgi kafin ya taɓa takardun da aka rubuta a unguwarsu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya ko da ɗaci. Tarin Falke yana nan ba a raba shi ba, an yi masa lamba, an yi masa jerin sunaye, har an rubuta kundin digiri a kansa. Malamai nawa ne tsararrakinsa a Kano da Zariya da Katsina waɗanda ba wanda ya sayi nasu, suka zauna a gida, kuma yau ko warƙa guda ba za a iya nuna maka ba? Zagin wanda ya ɗauka ba zai dawo da komai ba matuƙar wanda aka bar mana muna ba gara. Ga shi kuwa muna da wuraren ajiya. Akwai Gidan Arewa, akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ta samo asali daga aikin da Farfesa Kenneth Dike ya assasa a 1954, akwai hukumar tarihi ta Sakkwato mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, akwai laburaren kowace jami'a. In suna da rauni, to a gyara su, kuma ba za a gyara su ba sai mutane suna zuwa suna tambaya.

Sauran magana guda mai nauyi, ita ce ta sirri. Wasiƙa ba littafi ba ce. Wanda ya rubuta ta, mutum guda ya rubuta wa. A cikin takardun malami akwai maganar iyali, akwai bashi, akwai rahoton da ya rubuta a asirce kan ɗalibi ko abokin aiki, akwai dattijon da ya ce zan gaya maka amma kada ka ambaci sunana, musamman in maganar ta shafi asalin bauta ko rikicin sarauta, abubuwan da har yau suke raba aure. Bin diddigin asirin mutane haramun ne, rasuwar mutum kuma ba ta halatta mutuncinsa. Wannan tsoro ne yake sa wasu iyalai su gwammace su cinna wa komai wuta. Amma akwai tsaka-tsaki. Ma'ajiyun takardu a duniya suna karɓar kaya da sharaɗi, a rubuta cewa wannan fayil ba za a buɗe shi ba sai bayan shekara kaza, ko sai da izinin iyali. Abin da ya shafi cikin gida zalla kuma, iyali su riƙe abinsu.

Sai dai a yi hattara, kare sirri daban, wanke mamaci daban. Kada a zauna a tsince duk wasiƙar da aka soki malam a ƙone, a bar ta yabo kaɗai. A nan muna da abin koyi a gida. Lokacin da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana ƙalubalantar hujjar yaƙar Barno, da kaifin harshe kuwa, Muhammadu Bello bai ɓoye su ba. Ya kawo maganar abokin jayayyarsa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, sannan ya kawo amsa. Saboda haka ne yau, bayan fiye da shekara 200, muke iya jin ɓangarorin biyu mu auna. Wanda ya ƙone sukar da aka yi wa mahaifinsa yana zaton gata ya yi masa, alhali ya mai da shi mutumin da ba wanda zai gaskata labarinsa.

To me ɗalibi irina da irinku zai iya yi, mu da ba mu da ofis ba mu da kasafi?

Da yawanmu a nan muna da uba, ko kawu, ko maƙwabci, ko malamin da ya koyar a jami'a ko kwaleji, wani ya yi ritaya, wani ya rasu. Wanda yake raye, a je a gaishe shi, a nemi izini cikin ladabi a taya shi jera takardunsa, a zauna da shi yana faɗa ana rubutawa: wannan littafi na tafiyar wace shekara ce, wannan murya ta cikin kaset ta wane ne, a wane gari. Kaset ɗin da ba a san mai magana a ciki ba ya yi asarar rabin amfaninsa, kuma malam kaɗai ya sani. A kuma tuna masa, cikin hikima, ya rubuta inda yake so kayan su tafi. Mutanenmu ba sa son a yi musu zancen mutuwa, amma rubuta wasiyya bai taɓa matso da ajalin kowa ba.

Wanda ya riga ya rasu, a nemi yardar iyali tukuna, kada a ɗauki ko tsinke ba da saninsu ba. Abu na farko shi ne a ɗaga kayan daga ƙasa, a ɗora a kan katako ko kanta, a janye su daga jikin bango, a duba rufin ɗakin. Kada a ƙulle takarda a leda, domin leda tana riƙe laima sai ta yi fumfuna. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, gam ɗinsa yana cin takarda ya bar tabo. Kada a kai a yi mata rufin roba na zafi irin wanda ake yi wa takardar shaidar makaranta. A cire ƙarafunan maƙala takarda da suka yi tsatsa a hankali. Wani abu kuma da mai son gyara yakan yi kuskurensa: kada ka sake wa takardun tsari don su yi kyau a ido. Yadda malam ya haɗa su a fayil guda, akwai dalili, wasiƙar da ke kusa da daftari wataƙila ita ce ta sa ya sauya ra'ayi. Ka bar su yadda ka same su, ka sa wa kowane kwali lamba, ka rubuta abin da ke ciki a littafi guda, ka yi kwafi biyu, ɗaya ga iyali. Wayar da ke aljihunka ta isa ɗaukar hoton shafuka, a ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya. Kaset kuwa shi ya fi gaggawa, don zarensa yana lalacewa da zafi da laima, rediyon da ke juya shi ma yana neman ɓacewa, a nemi wanda zai juye muryar zuwa kwamfuta tun ana iya ji. In kayan suna da yawa kuma suna da daraja, akwai shirin da Babban Laburaren Birtaniya ya fara a 2004 na tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, wanda ƙa'idarsa ita ce a bar asalin takardun a ƙasarsu, kuma an yi aiki da shi a Arewacin Nijeriya. Malaman laburare na jami'a sun san hanyarsa.

Malaman da suke aiki yanzu kuma, tasu matsalar sabuwa ce. Wasiƙunsu ba a fayil suke ba, suna cikin imel da WhatsApp, daftarinsu yana cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, hirar da suka ɗauka tana cikin waya. Duk a kulle da lambar sirrin da mutum guda ya sani. Takarda ko an yi sakaci da ita takan yi shekara ashirin tana jiran mai ceto. Waya kuwa ranar da aka raba gado za a goge ta a ba yaro. Don haka duk malamin da ke cikin wannan zaure, ina roƙonsa da girman Allah, ya juye aikinsa a wani wuri na biyu, ya rubuta lambar sirrin ya rufe a ambulan, ya ba wanda ya amince da shi, ya kuma gaya wa iyalinsa sunan ɗalibi ko abokin aikin da za a kira kafin a taɓa ɗakin karatunsa.

Lokacin da aka ba ni ya ƙare. Wanda yake da irin waɗannan kaya a gidansu kuma yana son a taya shi jerawa, ya tsaya bayan an tashi mu rubuta sunansa da unguwarsu, mu ga yadda za mu raba kanmu kafin damina ta faɗi.